Zauren Girki da Lafiya: Tambayoyinku a Kan Zukini da Miyar Iraniyawa

Assalamu alaikum Hajiya. Maigidana ya yi shekaru yana karatu a birnin Ƙum na ƙasar Iran kafin mu yi aure. Ba ya kushe girkina, tuwon zafi da miyar ayoyo yana ci har ya nemi ƙari. Amma lokaci-lokaci sai ya ɗauko zancen wata miya da yake ci a can, wai ita horesh kadu, da zukini ake yin ta. Na sayo zukinin a wani kanti a unguwar Osu, na yi masa yadda nake yi wa yalo: na yayyanka, na zuba cikin miyar tumatir da attaruhu, na yi ta juyawa. Abu ya narke ya zama ruwa. Ya ci bai ce komai ba, ni kuwa na san irin wannan shirun. Don Allah yaya ake yin ta? Kuma yana da wani amfani a jiki da ya kai kuɗin da na kashe?
*'Yarki daga Nima, Akra*

Wa alaikumus salam 'yata. Hannunki lafiyarsa ƙalau, baƙo ne kika yi wa tarbar ɗan gida. Yalo yana da tsoka, yana jure tafasa da juyi. Zukini kuwa dangin kabewa ne da ake tsinkewa tun bai ƙosa ba, kuma kashi 95 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Idan kika jefa shi ɗanye cikin miya kika bi shi da ludayi, ruwan nan zai sake miki, ya tsinka miyar, ya bar ki da ɓawo yana yawo a sama.

Ni a hannun wata Ba'iraniya na ga yadda ake yi, matar wani malami ce da suka zauna a East Legon, ba nisa da Jami'ar Musulunci da mutanen ƙasarsu suka kafa. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne ba ta haɗa zukinin da miyar ba sai da girki ya kusa ƙarewa. Ta tsaga shi a tsaye, kaurin ɗan yatsa, ta jera a faranti ta barbaɗa gishiri, ta tafi sabgar nama. Kafin rabin awa sai ga ruwa ya tsattsafo a jikin kowane yanki, ɗigo-ɗigo. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai tsabta ta tsane, sannan ta soya su a kasko har gefensu ya yi ja, ta kwashe ta ajiye gefe. Wannan suyar ce ke riƙe shi kada ya watse.

Ga ma'auni na mutum huɗu. Naman rago rabin kilo, ko na kaza idan shi ne a hannu. Albasa manya biyu, ki yanka ƙanana ki soya a wuta kaɗan har ta yi ruwan zuma. Kada ki yi gaggawa a nan, rabin daɗin miyar Iraniyawa daga albasar yake fitowa. Ki sa kurkum ƙaramin cokali ɗaya da ɗan masoro, ki zuba naman ki juya ya kama jikinsa. Sai tumatirin gwangwani babban cokali biyu, ki soya shi tare da naman har warin ɗanye ya fita, ki zuba ruwa ya ɗan rufe naman, ki rufe tukunya ki rage wuta. Naman rago zai ci awa ɗaya da rabi, kaza ba ta kai haka ba. Wasu gidajen suna ƙara wani irin wake rawaya da aka raba biyu, wasu ɗan garin kirfa. Ko babu su miya ta yi.

Idan nama ya yi laushi, romo ya ragu, sai tsami. A Iran suna sa ɗanyen inabi da bai nuna ba, ko ruwansa, ko busasshen lemun tsami irin na Oman da suke hudawa su jefa a tukunya. Mu nan lemun tsaminmu na kasuwar Nima ya isa, ki matse babban cokali uku. Daga nan ki jera soyayyen zukinin a saman naman, wanda kika yanka daga guda huɗu ko biyar matsakaita, ki ɗora yankakken tumatir biyu a kai, ki rufe na minti 20. Ki ajiye ludayin nan. Ba'iraniyar nan idan ta ji tsoron kamu, kunnuwan tukunyar take kamawa ta ɗan girgiza. Alamar an gama ita ce ki ga mai ya taso ya kewaye gefe, romon ya yi kauri, sai Iraniyawa su ce miya ta zauna.

Attaruhun da kika sa shi ma ya canza mata kama. Yawancin girkin Iran ba shi da yaji, in ban da na mutanen kudu da ke bakin teku. Ɗanɗanonsu yana tsakanin tsami da zaƙin albasa da ƙamshi. Na san harshen ɗan zango ba ya yarda da abinci ba yaji, to ki ajiye shito, soyayyen yajin nan namu, a gefe, mai so ya ɗiba. Da farar shinkafa ake ci, wadda aka tafasa sama-sama aka tsane, aka mayar tukunya da ɗan mai a ƙasa, aka naɗe murfin da tsumma ta turara. Kuma kada ki kankare ƙanzon ki ba yara. A wajensu ƙanzo shi ne abin alfarma, da gangan ake yin sa ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, baƙo ake fara miƙa wa. Ki kai wa maigida shi a faranti daban ki ga fuskarsa.

Sai batun amfani, kuma a nan ba zan yi miki daɗin baki ba. Giram 100 na ɗanyen zukini da ɓawonsa yana da kalori 17 kacal. Sitaci da sukarin da ke ciki wajen giram 3 ne, furotin giram ɗaya da 'yan kai, mai kusan babu. Yana da bitamin C kimanin miligiram 18, fotasiyam kimanin miligiram 260, da ɗan bitamin B6 da folet. A koren ɓawon akwai sinadaran lutin da ziyazantin masu amfani ga ido, shi ya sa ba na son a fere shi. A wanke sosai kawai. Bitamin C ɗin ma wuta tana rage shi, kuma lemun zaƙi ya ninka shi kusan sau uku.

Idan ƙarin jini kike nema ko ƙarfin ƙashi, ganyayenmu sun fi shi nesa ba kusa ba. Alayyahu yana da kalsiyam sama da miligiram 200 a giram 100, zukini kuwa 16. Ayoyo da zogale da kontomire, wato ganyen gwaza, duk sun sha gabansa a sinadarin ƙarfe. Jar kabewar da muke miyar taushe da ita ta fi shi abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Alherin zukini ɗaya ne, amma babba ne: yana cika ciki ba tare da ya ɗora wa jiki nauyi ba. Dafaffiyar shinkafa giram 100 kalori 130 ce, ki gwada da 17.

Sai dai akwai tarko, kuma a cikin girkin Iraniyawan yake. Zukini yana shan mai kamar soso. Babban cokali ɗaya na man girki kalori 120 ne, rabin kilo na zukini gaba ɗaya kuwa 85. Wato idan kika tsunduma shi cikin mai irin suyar ƙosai, man da ya sha ya ninninka abin da ke jikinsa. Shi ya sa gishirin farko da tsanewa suke da muhimmanci, kuma kasko ya yi zafi kafin ki sa. Ni shafa wa yankan mai nake yi da hannu, in gasa a busasshen kasko ko a kan waya bisa garwashi. Ja ɗin da ake so yana fitowa, ƙamshin ma har ya fi.

Ko ya kai kuɗinsa? Don faranta wa maigida sau ɗaya a mako ko biyu, ya kai. Don ciyar da gida kullum, kuɗin da za ki ba kantin Osu ya fi amfani a hannun mai yalo da mai ganye.

Hajiya barka da aiki. Ni dattijo ne, na haura sittin, ina fama da ciwon suga da hawan jini, ina karɓar magani a asibitin Komfo Anokye. An turo mana saƙon murya a WhatsApp na 'yan masallacinmu cewa wanda ya markaɗa zukini ya sha ruwansa da sassafe kwana bakwai, suga zai rabu da shi, ya zubar da ƙwayoyi. Mai maganar ya ce sirrin mutanen Farisa ke nan. Gwiwata ta yi sanyi da shan magani kullum. Me kika gani?
*Wani Alhaji daga Aboabo, Kumasi*

Baba Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Don girman Allah kada ka ajiye ƙwaya ko ɗaya saboda wannan saƙo. Zukini ba ya warkar da ciwon suga, a kwana bakwai ko a shekara bakwai. Iraniyawan da ake jingina wa maganar su ma suna da masu ciwon suga birjik, kuma asibiti suke zuwa. Wanda ya bar magani ya kama ruwan ganye, garin neman ƙiba zai samo rama, don suga idan ya hau a ɓoye ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa yake ci, mutum bai sani ba.

Amma akwai gaskiya 'yar kaɗan da aka naɗe cikin ƙaryar, kuma ita ce za ta amfane ka. Abin da ke ɗaga suga bayan cin abinci shi ne yawan sitaci: tuwo, shinkafa, dokunu, burodi, kokon safe da sukari. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da sitaci wajen giram 28, zukini 3. Idan Hajiyarka ta rage malmalar tuwo ta cike gurbin da kayan lambu, za ka tashi a ƙoshe kuma awon suga zai nuna bambanci. Zukini na iya wannan aiki, haka yalo, kabeji, kuɓewa da ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Markaɗawa a tace a sha ruwa asara ce, don dusar da ake zubarwa ita ce mai rage saurin shigar suga cikin jini, ita ce kuma mai sauƙaƙa bayan gida.

Ga abu biyu daga girkin Iran da suka fi dacewa da kai fiye da miyar da na kwatanta a sama, don ba su buƙatar tulin shinkafa.

Na farko suna kiransa kuku, wainar ƙwai ce mai kauri wadda kayan lambu suka fi ƙwan yawa. A goge zukini uku a magogi, a sa ɗan gishiri kaɗan, a bar shi minti 15, a zuba a tsumma a murɗe. Za ka yi mamakin ruwan da zai fita, ya kusa cika kofi. A soya albasa ɗaya da tafarnuwa a mai cokali ɗaya, a haɗa da zukinin, a fasa ƙwai huɗu, a sa kurkum da masoro da fulawa cokali ɗaya don ya kama. A zuba a kasko, a rufe, wuta can ƙasa, kamar minti 12, a kife a faranti a mayar ɗaya gefen. Ana yanka shi kashi-kashi, ana ci da zafi ko da sanyi. Da safe ya fi maka koko da burodi.

Na biyu borani: gasasshen zukini a yayyanka, a daka tafarnuwa, a kwaɓa da kindirmo mai kauri marar sukari, a barbaɗa busasshen na'a-na'a. Ka kula, yogot ɗin roba da ake sayarwa a tasha cike yake da sukari, ba shi nake nufi ba. Akwai kuma wanda suke yi da kashk, wani busasshen nono mai tsami da gishiri da suke jiƙawa su dama. Wannan gishirinsa ya yi wa mai hawan jini yawa, kindirmon ya fi maka.

Tafarnuwa da na'a-na'a ɗin nan ba don ƙamshi kaɗai suke sa su ba. Iraniyawa har gobe suna raba abinci gida biyu, mai zafi da mai sanyi, irin yadda tsofaffinmu ke cewa abu kaza yana sa sanyi. Zukini da nono duk masu sanyi ne a lissafinsu, sai a haɗa su da mai zafi a daidaita. Likitan zamani ba ya aiki da wannan lissafi, amma a baki haɗin yana da daɗi, ban taɓa jin wanda ya musa ba.

Gargaɗi ɗaya, Baba. Ciwon suga da hawan jini idan sun daɗe sukan taɓa ƙoda, kuma mai raunin ƙoda akan hana shi yawan fotasiyam. Wasu magungunan hawan jinin ma suna tara shi a jiki. Ranar da za ka koma asibiti ka tambayi likita sakamakon awon ƙodarka kafin ka mayar da kowane irin kayan lambu abincin safe da rana da dare. Saƙon kuma kada ka tura wa kowa.

Hajiya, ɗalibaina sun tambaye ni ko zukini shi ne kabewar da ta zo a hadisin Anas, wadda Manzon Allah (SAW) yake bi yana tsinta a gefen akushi lokacin da wani tela ya gayyace shi cin abinci.
*Malamar Islamiyya, Sabon Zango, Akra*

Malama, hukuncin hadisi na malamai ne, ni tarihin shukar kawai zan faɗa. Zukini da jar kabewa duk asalinsu nahiyar Amurka ne, a yankin Meziko aka fara noma kakannin zukini shekaru dubbai da suka wuce, kuma ba su ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Shi zukini a siffarsa ta yau ma a arewacin Italiya manoma suka fitar da shi, wajajen Milan, a ƙarni na 19. Abin da Larabawa da Farisawa suke da shi a zamanin Annabi (SAW), wanda Ibn Sina ya yi bayaninsa a likitancinsa daga baya, shi ne dangin duma, wanda ake cin ɗanyensa tun yana ƙarami, idan ya ƙosa ya bushe a yi ƙwarya da gora. Dangi ɗaya ne babba, amma ba shuka ɗaya ba. Girke-girken Iran ɗin nan sun girmi zukini. Da duma da baƙin yalo ake yin su, da ya zo sai aka ba shi wuri a tukunya.

Anti, na shuka zukini a bayan gidanmu da irin da na cire daga na bara. Ya yi 'ya'ya da kyau amma ɗaci kamar me. Mma ta ce a tafasa da kanwa a zubar da ruwan farko kamar yadda ake yi wa shuwaka. Za a iya?
*Ƙaninki daga Madina*

A'a ƙanena, kuma ka gaya wa Mma cikin ladabi cewa wannan ɗacin ba irin na shuwaka ba ne. Guba ce da ake kira kukurbitasin, wadda dangin kabewa na daji ke kare kansu da ita daga dabbobi. Manoma sun yi ƙarnoni suna zaɓen iri marar ɗaci, amma takan dawo ta hanya biyu: idan ƙudan zuma ya haɗa furen da na wani ɗan'uwansa mai ɗaci, irin da aka ajiye ya gaji abin, ko kuma idan shukar ta sha zafi da ƙishirwa, irin na watan Fabrairu da Maris ɗinmu. Tafasa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, kanwa ma haka.

Kaɗan daga cikinta yana sa murɗar ciki, amai da zawo mai tsanani cikin 'yan sa'o'i. A shekarar 2015 wani dattijo ɗan shekara 79 ya rasu a garin Heidenheim na Jamus bayan ya ci abincin da aka dafa da zukini mai ɗaci da aka noma a gida. Abin ba ya yawan faruwa, na kanti da wuya ka same shi haka, amma naka ya riga ya nuna kansa. Ka tuge shukar, ka zubar da 'ya'yan inda awaki da kaji ba za su kai ba, kada ka ajiye irinta. Idan akwai wanda ya riga ya ci kuma cikinsa ya ɓaci, a ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti, musamman yaro ko tsoho.

Ka sayi sabon iri na cikin leda a wajen masu sayar da kayan noma, ka riƙa ba shi ruwa a gindi safe da yamma ba tare da tsallake rana ba. Ka tsinka tun yana da tsawon santimita 15 zuwa 20, fatarsa tana sheƙi, farce yana shiga da sauƙi. Idan ya wuce haka 'ya'yan ciki sun yi tauri, tsokar ta zama lami. Kuma kowane ɗaya za a dafa, na gona ko na kasuwa, a yanki ɗan siriri daga wajen gindi a taɓa a harshe tukuna. Mai kyau ɗanɗanonsa kusan na kokwamba ne. Mai ɗaci a tofar, a jefar da shi duka.